BITAMIN D DA MURAR HUNTURU: WA YAKE BUƘATA, WA YAKE ASARAR KUƊINSA?



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a saƙonnin da kuke turowa. Ana ta yawo da wani saƙon murya a WhatsApp, mai maganar yana cewa duk wanda ya lizimci shan ƙwayar bitamin D, mura da tari ba za su kusance shi ba har sanyi ya wuce. Wani yana tambaya ko gaskiya ne, wani yana tambaya ko halal ne, wani kuma ya riga ya saya, so yake kawai a ce masa ya yi daidai. Ni fannina Larabci ne, ba likitanci ba. Amma ƙa'idar da aka koya mana a makaranta tana aiki a ko'ina: labari ba a karɓarsa don daɗinsa, sai an duba wa ya kawo shi da kuma hanyar da ya bi. Da wannan ƙa'idar na bi abin da masu bincike suka wallafa, na kuma tattauna da ma'aikatan lafiya na yankinmu.

Maganar tana da asali, amma an yi mata ƙari, kuma ƙarin ya fi asalin yawa.

Mu fara da shi kansa bitamin ɗin. Ya saɓa wa 'yan uwansa. Sauran galibi daga abinci ake samun su, shi kuwa Allah Ya ajiye masana'antarsa a fatar jikinka. Akwai wani maiƙo a cikin fata, idan wani yanki na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kansa, sai ya juye ya zama bitamin D. Jini ya ɗauke shi ya kai wa hanta ta sarrafa, sannan ƙoda ta ƙarasa aikin, ya zama mai amfani. Wanda hanta ta sarrafa ɗin shi ake aunawa idan an ɗebi jinin mutum. Babban aikinsa da babu saɓani a kai shi ne taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ake gina ƙashi da shi. Idan yaro ya rasa shi ƙashinsa yana laushi, ƙafa ta lanƙwashe, ka ga gwame ko ƙafar baka. Larabawa suna kiran wannan ciwo alkusah. Babba kuma sai ciwon ƙashi da raunin tsoka, tashi daga tabarma ma ya zama aiki.

To ina alaƙarsa da mura?

Tun kafin a san sunansa likitoci sun lura da wani abu. A 1848 wani asibitin masu ciwon ƙirji a Landan, asibitin Brompton, ya gwada ba masu tarin fuka man hantar kifi, aka ga waɗanda suka sha sun fi samun sauƙi. A 1903 wani likita ɗan ƙasar Denmark, Niels Finsen, ya karɓi kyautar Nobel saboda yana warkar da tarin fukan da ke kama fata ta hanyar haska mata haske. Sai a 1922 Elmer McCollum a Amurka ya raɗa wa sinadarin da ke cikin man hantar kifin suna bitamin D. Daga baya aka gano cewa fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da ke yaƙi da cuta a jikinmu, suna da wurin karɓar wannan bitamin. A 2006 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka wallafa a mujallar Science cewa idan waɗannan dakaru suka ci karo da ƙwayar tarin fuka, da bitamin D suke amfani su haɗa wani makami mai suna katelisidin, wanda ke huda jikin ƙwayar cuta ya kashe ta. Har suka nuna cewa ruwan jinin baƙaƙen fatar Amurka da bitamin ɗin ya yi ƙaranci a cikinsa ba ya tayar da makamin yadda ya kamata, amma da aka ƙara masa bitamin ɗin sai aikin ya dawo.

Kun ga ashe mai saƙon murya bai ƙago komai daga iska ba. Sai dai abin da ya faru a kwalbar gwaji daban, abin da zai faru a jikin Malam Wane da ke zaune a Dudunni daban.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce: an auna jinin mutane masu yawa, an ga waɗanda bitamin D ya yi ƙasa a jikinsu sun fi yawan kamuwa da mura da ciwon huhu. Wannan gaskiya ne, an gani a ƙasashe da dama. A Habasha ma, wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 1997 ya nuna laushin ƙashi ya ninka kusan sau 13 a cikin yaran da ke fama da ciwon huhu idan aka kwatanta su da sauran yara. Amma ɗalibin usulu ya san haɗuwar abu biyu ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne sababin ɗaya. Mangwaro yana nuna lokacin zafi, sanƙarau ma lokacin zafi yake tashi, amma ba mangwaro ne ya kawo sanƙarau ba. Mara lafiya ba ya fita rana, don haka bitamin ɗinsa zai sauka. To ciwon ne ya saukar da bitamin ɗin, ko saukar bitamin ɗin ce ta kawo ciwon? Talauci kansa yana iya haifar da duka biyun: ƙarancin abinci, cunkoso a ɗaki, hayaƙi.

Hanyar da ake warware irin wannan ita ce a tara mutane, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya maganin gaske, ɗaya kuma a ba su abin da ya yi kama da shi amma babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san me yake sha ba. Bayan watanni a ƙirga wa ya yi ciwo. An yi irin wannan gwaji sau da yawa, kuma a nan nake so ku natsu, don a nan hukuncin yake.

A Mongoliya, ƙasar da sanyinta ke daskarar da ruwa, yara suna wata da watanni a naɗe cikin kaya, an ba 'yan makaranta madarar da aka zuba wa bitamin D kaɗan, IU 300 a kullum. IU ɗin nan ma'auni ne da za ku gani a jikin kwalba. Yaran 247 ne, jininsu kusan babu bitamin ɗin tun farko. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna mura da tari sun ragu da kusan rabi a cikin waɗanda suka sha. A wannan shekarar dai aka fitar da sakamakon wani gwaji a New Zealand: manya 322 masu lafiya, waɗanda galibinsu jininsu da ma bai rasa ba, ana ba su babban kaso duk wata har wata 18. Ba a ga bambanci ba ko kaɗan. A Kabul ta Afganistan kuma aka ba jarirai sama da 3,000 IU 100,000 a tashi ɗaya duk bayan wata uku, ciwon huhu bai ragu ba.

A 2017 Farfesa Adrian Martineau na Landan da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 25, mutum sama da 11,000, suka wallafa a mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ. Wannan shi ne binciken da 'yan talla suka fi kafa hujja da shi. Idan aka haɗa kowa da kowa, raguwar kashi 12 cikin 100 ce kacal. Amma da aka ware waɗanda jininsu ya yi ƙasa sosai, kuma suke shan ɗan kaɗan kullum ko duk mako, raguwar ta kai wajen kashi 70 cikin 100. Waɗanda aka ɗura wa babban kaso lokaci guda kuwa ba su amfana ba. Masu talla suna ɗauko 70 ɗin nan su bar sharaɗinsa a baya, kamar mai yanko rabin magana ya ce malam ya faɗa.

Labarin bai tsaya nan ba. A 2021 suka sake tattarawa, gwaje-gwaje 46, mutum sama da 75,000, raguwar ta sauko zuwa kashi 8. Lokacin korona an yi manyan gwaje-gwaje biyu da suka fito a 2022: ɗaya a Birtaniya da mutum 6,200, ɗaya a Norway da mutum sama da 34,000 da aka ba man hantar kifi. Duka biyun ba su hana korona ko sauran cututtukan numfashi ba. Ko a Mongoliya ɗin, wani gwaji mafi girma da ya fito a 2020, yara 8,851 ana ba su duk mako har shekara uku, bai rage tarin fuka ko mura ba. Da aka sake haɗa lissafin a 2025, amfanin ya ƙanƙance har masu binciken da kansu suka ce bai kai a yi yaƙini da shi ba.

Abin da ya rinjaya a wurina bayan duk wannan shi ne: bitamin D kamar gishiri yake a miya. Miyar da ba gishiri, ɗan kaɗan zai gyara ta. Wadda gishirinta ya ji, ƙari ba zai ƙara mata daɗi ba, idan ma aka matsa sai a ɓata tukunyar. Wanda ya rasa shi ya kamata a cike masa, ko don ƙashinsa, kuma akwai kyakkyawan zato ƙirjinsa ma zai amfana. Wanda yake da shi ya saya, kuɗinsa ya kai wa mai kyamis sadaka ba da niyya ba.

Sai mu dawo gida. Yawancin waɗannan saƙonni fassara ce ta shawarar da aka yi wa mutanen Turai da Amurka. Su uzurinsu a fili yake. An auna a 1988 cewa a birnin Boston, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rana ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta haɗa bitamin D. Shi ya sa hukumomin Ingila suke ba jama'arsu shawarar shan IU 400 a lokacin sanyi. Mu kuwa Kankiya da Kusada muna wajen daraja 12 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya. Babu watan da ranarmu take mutuwa irin wannan mutuwar. Hazo yana rage mata kaifi, gaskiya ne, amma ba ya kashe ta. Manomin Dudunni da ya gama yankan dawa da sussukar gero, da mai kiwo, da ɗan acaɓa, da almajiri, da matar da ke zuwa rijiya da itace, ba su ne ake ji wa tsoron ƙarancin bitamin D ba. Idan irin waɗannan suka yi mura a hunturu, a nemi dalili a wani wuri: ƙura, busasshiyar iskar da ke busar da hanci ta tsattsaga shi, kwana mutum takwas a ɗaki ɗaya an toshe taga da tsumma, ga kaskon wuta yana hayaƙi. Mura ƙwayoyin bairas ne ke kawo ta, iri sama da 200, kuma daga mutum zuwa mutum suke tafiya, ta atishawa da hannu.

Amma kada wani ya ce to shi ke nan, mu ba ruwanmu. A 2020 an tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka aka wallafa a Lancet Global Health, aka ga kusan mutum ɗaya cikin uku bitamin D ɗinsa bai kai yadda ake so ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne jarirai sabbin haihuwa, mata, da mazauna birane. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun fi mu zafin rana, amma ƙarancin ya yi musu katutu, maza da mata, saboda rayuwa ta koma daga ɗaki mai na'urar sanyaya zuwa mota mai na'urar sanyaya. Rana tana sama, amma ba ta taɓa fata. Ga kuma baƙar fatarmu: kariya ce daga ƙunar rana, sai dai tana buƙatar lokaci fiye da farar fata kafin ta haɗa adadi ɗaya.

A nan ne maganar ta shigo gidajenmu, kuma ba zan kauce mata ba. Tun 1986 likitocin Najeriya suka wallafa bincike a kan mata masu ciki, suka samu cewa matan kulle da jariransu bitamin D da kalsiyam ɗinsu ya gaza na waɗanda ba sa kulle. Wasu suna ɗaukar irin wannan su ce kun gani, hijabi cuta ne. Wasu kuma daga cikinmu da sun ji an ambaci binciken sai su ce makircin Turawa ne. Duka biyun ban yarda da su ba. Hijabi hukunci ne na gaban wanda ba muharrami ba. Babu malamin da ya wajabta wa mace ta lulluɓe hannu da ƙafa a tsakar gidanta, tsakanin 'ya'yanta da 'yan uwanta mata. Kakanninmu mata sun yi kulle, amma a gida mai faɗin tsakar gida a buɗe, a nan suke daka, a nan suke shanya, a nan suke kitso. Ginin Bahaushe na asali ya haɗa sutura da rana: zaure a gaba, katanga a kewaye, sama a buɗe. Mu ne yanzu da mun samu kuɗi sai mu rufe tsakar gida ruf da kwano, ko mu kama haya a birni ɗaki da falo, taga mai baƙin gilashi, labule a sake dare da rana. Ku sani gilashi yana tare UVB. Hasken da ya ratso ta taga zai ɗumama jiki, amma ba zai haɗa bitamin D ba. Maigidan da zai yi rumfa ya bar wani ɓangare a buɗe. Wannan yana cikin haƙƙin mazauni da ke wuyansa, kuma ya fi masa arha a kan ƙwaya.

Akwai mata kashi biyu da al'ada ta ƙara wa nauyin da shari'a ba ta ɗora musu ba. Mai jego, da ake tsare ta a ƙuryar ɗaki kwana arba'in ko fiye, ga ta tana shayarwa, lokacin da jikinta ya fi buƙata. Da mai takaba, wata huɗu da kwana goma. An hana mai takaba ado da kwana a wani gida, ba a hana ta zama a tsakar gidanta rana ta taɓa ta ba. Sai kuma tsoffinmu da ƙafa ta gaza. Fatar tsoho ba ta haɗa bitamin ɗin kamar ta yaro, ga shi an bar shi a ɗaki sai dai a miƙa masa kwano. Ku riƙa kama su kuna fito da su. Shan hantsi da iyayenmu suke yi a jikin katanga ba zaman banza ba ne.

Sai dai akwai gyara a kan lokacin. Ranar sassafe, wadda ta fito ja-ja-ja, tana da daɗi a jiki amma UVB ɗinta kaɗan ne, saboda hasken yana ratso iska mai kauri kafin ya iso. Masana suna ba da ma'auni mai sauƙi, kuma mu masu lissafin lokutan salla mun riga mun san shi: inuwa. Idan inuwarka ta fi ka tsawo, aikin kaɗan ne. Idan ta gaza tsawonka, fata tana aiki sosai. A watan Disamba a nan yankin, wannan yana kamawa daga wajen ƙarfe sha ɗaya saura zuwa biyu da 'yan mintuna. Kafin la'asar ta shiga an rufe kasuwar. Ba ana nufin a gasa mutum ba. Ɗan zama ne ko ɗan aiki, hannuwa da ƙwauri a buɗe, a yawancin kwanakin mako. Wanke-wanke da shanya ma sun wadatar idan a fili ake yi. Kuma jiki yana da hikima: idan ya haɗa abin da ya ishe shi daga rana sai ya tsaya, ba ya wuce iyaka. Zabiya kuwa hukuncinsu daban, rana tana cutar da fatarsu, su nemi shawarar likita.

Jariri shi ma daban. Ba a shanya ɗan ƙasa da wata shida a tsakiyar rana. Nonon uwa ya fi komai, ba a haɗa shi da wani abu, amma bitamin D ɗin cikinsa kaɗan ne, musamman idan uwar ma ba ta da shi. Wata yarjejeniyar masana ta duniya da ta fito a 2016 ta ba da shawarar ɗigon IU 400 kullum ga jariri a shekararsa ta farko, da IU 600 ga mai ciki. Wannan magana ce da za a yi da ma'aikaciyar awo, ba da maƙwabciya ba.

Wani abu kuma da na ga ya dace ku sani, don daga ƙasarmu ya fito. Idan aka ga yaro da lanƙwasasshiyar ƙafa, nan da nan sai a ce bitamin D. Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun gwada yara 123 masu laushin ƙashi, suka wallafa a 1999. Waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka yi wa allurar bitamin D kaɗai. Abincin yaran wajen miligiram 200 na kalsiyam kawai yake ba su a rana, ƙasa ƙwarai da abin da yaro ke buƙata. Wato a ƙasarmu sau da yawa ba magini ne ya yi ƙaranci ba, tubali ne babu. Tuwon dawa da na masara da kunu kullum ba sa kawo kalsiyam, dusar hatsi ma tana hana hanji tsotsar ɗan wanda ya samu. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu, waɗannan su ne tubalin. Abin takaici, a ƙauyukanmu ana tatsar nono a kai kasuwa, yaran gida su tashi da koko. Shi kuwa bitamin D a abinci ba shi da yawa: kifi mai maiƙo irin su titus da sadin na gwangwani, gwaiduwar ƙwai, hanta, da wasu nau'in madarar gari da aka ƙara musu, za ka gani a rubuce a jikin gwangwanin.

Yanzu ga gargaɗi ga masu saye. Bitamin D ba irin bitamin C ba ne da ragowarsa ke fita a fitsari. A cikin kitsen jiki yake taruwa. Abin da masana a Amurka suka ƙayyade a 2011 shi ne IU 600 a rana daga shekara ɗaya zuwa 70, IU 800 ga wanda ya haura, kuma kada babba ya wuce 4,000 a rana sai da umarnin likita. Akwai kafso mai IU 50,000 a kasuwa. Likita yana rubuta shi ne sau ɗaya a mako, na 'yan makonni, ga wanda aka tabbatar yana da ƙaranci. Wanda ya mayar da shi na kullum, kalsiyam zai yi yawa a jininsa: ƙishirwa, yawan fitsari, amai, taurin bayan gida, ruɗewa, tsakuwar ƙoda, har lalacewar ƙodar. Kowa ya san yadda ciwon ƙoda ke tsiyata gida a arewacin nan. Mai ciwon ƙoda da mai shan maganin tarin fuka kada su taɓa shi sai likitansu ya sani. Allurar "ƙarin ƙarfi" da ake yi a shago kuwa, kun dai ji abin da gwaje-gwaje suka nuna: babban kaso lokaci guda shi ne wanda bai hana mura ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙon muryar nan ba asarar kuɗi ba ne. Tsorona uba ya ga yaronsa yana tari da zazzaɓi ya ce ai muna ba shi bitamin, zai wuce. Mura tana wucewa da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma ba ta jin kafso ja da baƙi, don maganin bakteriya ba ya kashe bairas. Ruwa mai ɗumi, hutu, da zuma ga wanda ya haura shekara ɗaya. Ɗan ƙasa da shekara ba a ba shi zuma. Amma ciwon huhu, wanda muke kira nimoniya, ba ya jira. Alƙaluman UNICEF sun nuna a 2018 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a shekarar. Kuma gane shi ba ya buƙatar na'ura. Yaro yana kwance a natse, ɗaga rigarsa, ka riƙe agogon waya minti ɗaya cif ka ƙirga numfashinsa. Ɗan ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye. Daga wata biyu zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Idan ya kai haka, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko jijjiga, to ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Asibitin da ke kusa a Kusada, ko Babban Asibitin Kankiya. Akwai kuma allurar rigakafin nimoniya da aka shigar cikin rigakafin jarirai a Najeriya tun ƙarshen 2014, kyauta ake yi, kuma hujjarta ta fi ta bitamin D ƙarfi nesa ba kusa ba. Babba da ya yi mako biyu yana tari, ga rama da gumin dare, ya je a gwada majinarsa, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Saura tambayar halacci. Nau'in da ya fi yawa, D3, galibi daga maiƙon ulun tumaki ake ciro shi, ulun da aka aske daga dabba tana raye, wani kuma daga man kifi. Ulun da aka aske mai tsarki ne a wurin malamanmu, kifi kuwa babu magana. Nau'in D2 daga yis ake yinsa. Inda ake tsayawa a duba shi ne ɓawon kafso mai laushin nan, wanda ake yi da jelatin, shi kuma yana iya zama na saniya, na kifi, ko na alade. Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan jelatin, ko sarrafawar da aka yi masa ta canza haƙiƙarsa ko ba ta canza ba. Amma a nan ba ma buƙatar shiga saɓanin, tunda akwai mafita a kusa: ana samun bitamin D a matsayin ɗigo da kuma busasshiyar ƙwaya marar ɓawo. Wanda likita ya rubuta masa ya nemi ɗaya daga cikinsu, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai azumin Litinin da Alhamis ko mai ramuwa ya sha bayan buɗa-baki ko da sahur, tare da abinci mai ɗan mai, don da maiƙo hanji ya fi tsotsarsa.

Wallahu a'alam.